Yadda na shiga makarantar Fada a shekarar da Jos ta kama da wuta

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi ta jihar Katsina, Bahaushe gaba da baya, uwa da uba da kakanni, kuma Kirista ɗan Katolika. Na fara da wannan ne don har yau in na faɗa sai an sake dubana, wani ma ya ce dan Allah maimaita. Kakanmu Bamaguje ne, bai taɓa sallah ba bai taɓa shiga coci ba har ya bar duniya, 'ya'yansa ne kowa ya kama hanyarsa, Babana ya bi fadocin Dominikan da suka zo daga Amurka suka yi aikin mishan a yankinmu, ƙanensa kuma Baffa ya musulunta tun yana saurayi lokacin da ya tafi Funtuwa koyon tuƙi. Gida ɗaya, rijiya ɗaya, in Sallah ta zo a kawo mana nama, in Kirsimeti ta zo mu kai musu shinkafa, haka na taso na tarar.

A 2001 ina aji shida na firamare, shekarata 12. Wata Lahadi bayan an tashi daga ibada Malam katekis ya ce da Baba ya ɗan dakata, ya zaro wata takarda daga cikin littafin addu'arsa, fom ne na wata makarantar Katolika ta kwana, maza zalla, can saman Filato ba nisa da Jos. Ya ce guda biyu kacal Fada ya ba shi, ɗaya kuma ni ya ga ya dace da ita. Ya yi wa Baba bayani bai ɓoye komai ba, ya ce wannan fa ba ta gwamnati ba ce, coci ne ke riƙe da ita, ba kyauta a ciki, littafi da abinci da albashin malamai duk daga aljihun iyaye da ɗan abin da coci ya tara suke fitowa. Ya ce da can irin makarantun nan suna da yawa a Arewa, sai gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, St. John's ta Kaduna ita ce ta koma Rimi College, ta mata Queen of Apostles ta koma Queen Amina, amma a Filato akwai waɗanda suka ci gaba da zama a hannun coci, kuma Bishop ɗinmu na lokacin Kevin Aje na Sakkwato shi ma ɗan Filato ne, to akwai sanayya tsakani.

Baba bai taɓa zama a aji ba, da yaƙi da jahilci ya koyi haɗa baƙi har yake iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a hankali yana bi da yatsa. Amma akwai abu ɗaya da ba ya gajiya da ba mu labarinsa, zuwansa Kaduna a Fabrairun 1982 lokacin da Fafaroma John Paul na biyu ya zo ya naɗa sababbin fadoci, ya ce ya tsaya cikin rana tun safe yana kallon samari baƙaƙen fata irinsa suna karatu gaban dubban mutane ba gargada, a ranar ya ce wa Allah in ya ba shi ɗa namiji sai ya yi karatu ko da zai sayar da rigar wuyansa. Ba wai lallai ya zama Fada ba, a'a, ya dai iya tsayawa gaban mutane. Kaduna ta fi mana kusa, amma bayan rikicin Fabrairun 2000 Baba ya ce shi ɗansa ba zai zauna Kaduna ba, Jos kuwa kowa ya san ta da zaman lafiya a lokacin, shi ya sa da ya ji Filato hankalinsa ya kwanta.

Malam katekis ne ya kai ni jarrabawa farkon damina, da katin baftismata da wasiƙar Fadan farishinmu a cikin leda. Lissafi bai ba ni wuya ba ko kaɗan don tun ina ƙarami ni ke zama kusa da Baba a wajen awon auduga ina riƙe masa adadin kilo a ka, amma Turanci kam sai a hankali. Da aka zo intabiyu mutum uku ne a zaune, malamai biyu da wani tsohon Fada Bature ɗan ƙasar Ailan, gashinsa fari fat, fatar hannunsa duk ɗigo-ɗigon rana. Malamin farko ya yi min tambaya da Turanci na ji rabi ban ji rabi ba, bakina ya bushe, na sunkuyar da kai ina jin hawaye na taruwa, ina tuna kuɗin motar da aka kashe. Sai kawai na ji an ce "Yaro, ɗago kanka. Ina gajiya? Yaya mutanen gida, an yi shuka?" Baturen nan ne, da Hausa tsaf har da karin murya. Ban san lokacin da na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a gida ba. Ya tambaye ni me muke nomawa, in buhu kaza aka sayar a kan kuɗi kaza nawa zai rage bayan an biya ɗan dako, na ba shi amsa kafin ya rufe baki, ya tambaye ni Dokoki Goma na jero su, ya juya wajen malaman ya yi musu magana da Turanci, abin da na tsinta kawai shi ne wai Turanci su aikinsu ne su koya min.

Takardar admishan ta akwatin gidan waya na farish ta zo, don lokacin wayar salula sai dai labari, a watan Agustan shekarar ne ma aka fara ta a manyan birane. Murna ba ta daɗe ba da aka buɗe shafi na biyu, kuɗin makaranta da jerin kaya, akwatin ƙarfe da kwado, katifa, bargo biyu, suwaita, bokiti, lauje, fartanya, tsintsiya, farin yadi, sandal, tocila, carbi da littafin waƙoƙi. Ga shi tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, auduga kuwa sai can ƙarshen shekara. Baba ya kwana biyu bai ce komai ba, ran kasuwa da asuba na ji yana kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarmu. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san me ake nufi da raba shanun huɗa, an karya garma ke nan, shekarar gaba da fartanya da haya ya yi noma, kuma bai taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya har ya rasu. Inna ta roƙi matan Zumunta suka ba ta kwasar adashi kafin layinta ya zo, da shi aka sayi bargo da yadi. Baffa ya zo daga Funtuwa da akwati a bayan fijonsa, ya sa an rubuta sunana da farin fenti.

Surutu kuwa an yi shi. Wasu dangi suka ce za a mai da yaro Fada ya ƙi aure gidan ya mutu, wasu suka ce ga ta gwamnati nan kusa kyauta me ya kai mutum sayar da sa, a cikin cocinmu ma akwai wanda ya ce me ya sa ba ɗansa aka ba fom ɗin ba.

Saura kwana kaɗan mu tafi, ran Juma'a 7 ga Satumba, rikici ya ɓarke a Jos. Mu a rediyon Baba muka ji, sashen Hausa na BBC, da daddare duk gidan aka kewaye ta har matan Baffa da suka zo ganin gida, ana ta faɗin sunayen unguwanni, an sa dokar hana fita, an kawo soja. Kwana huɗu bayan nan aka kai harin Amurka duniya ta koma can, mu kuwa kunnenmu na Jos. Inna ta ɗauke akwatin ta tura ƙarƙashin gado ta ce ba inda zan je, ta ce da Baba, Malam wannan yaron in ya faɗa hannun waɗancan su ji Hausarsa su ce Musulmi ne, in ya faɗa hannun waɗannan su ga gicciye a wuyansa su ce arne ne, to wa zai tsaya masa? Har yau ban taɓa jin wanda ya faɗi halin da muke ciki daidai kamar yadda ta faɗa a daren nan ba. Baba bai amsa ba, fita ya yi ya zauna bakin turken da ya rage da sa ɗaya.

Bayan kamar sati uku saƙo ya zo ta hannun Fada cewa ƙura ta lafa makaranta za ta buɗe. Inna na nan kan bakanta. Baffa ne ya zo da yamma ya zauna a zaure ya ce, Yaya, an riga an sayar da sa, ba za a yi biyu babu ba, ni zan kai shi da motata, in mun haɗu da nawa ni zan yi magana, in mun haɗu da naku kai ka yi, in kuma kwana ya ƙare to tare za mu tafi. Ya shiga ciki ya durƙusa wa Inna ya ce ta ba shi amanar yaron. Ta yi kuka sosai sannan ta jawo akwatin da kanta, ta cika gefensa da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji da soyayyar gyaɗa.

Da asuba muka tashi, Funtuwa, Zariya, muka ɗauki hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka, Baba a gaba ni a baya da katifa a naɗe. Har Saminaka hira suke ta farashin taki, daga nan motar ta yi tsit. Muna fara hawan dutse iska ta canja, sanyi ya riƙa shigowa ta taga, shingen soja kuwa ban iya ƙirga su ba, kowanne a sauko a buɗe but a buɗe akwati, ina za ku, wane ne wannan, me ya haɗa ku. A wani shingen sojan ya dubi hular Baffa ya dubi carbin Baba mai gicciye da ke rataye a wuyansa ya ce ku biyun nan fa? Baffa ya ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗanmu za mu kai makaranta. Sojan ya karɓi takardar admishan ya daɗe yana kallo, ya leƙo ya ce min da Hausarsa ta barikin soja, ka yi karatu ka ji ko. A cikin gari na ga abin da yaro bai kamata ya gani ba, gidaje ba rufi bango ya yi baƙi, ƙonannun motoci a gefen titi, coci a ƙone can gaba kaɗan masallaci a ƙone, Baba ya ce in kwantar da kaina a kan katifa, na kwanta amma idona biyu.

Mun isa get wajen azahar. Layi aka yi a gindin itatuwa, tebur na farko a duba takarda, na biyu wajen basa mai karɓar kuɗin makaranta inda Baba ya kwance ƙullin kuɗin san nan daga cikin ɗan tofi ya ƙirga sau biyu hannunsa na rawa, na uku sinyoyi su zazzage akwati suna dubawa da jerin kaya, suka ba ni lamba suka ce in rubuta ta a jikin komai har cokali, sai wajen mai aski aka yi min ƙwal. Duk wannan Baffa na tsaye nesa jikin mota, don na lura yadda wasu iyaye ke kallonsa, kallon da ba a yi masa a gida. Sai ga tsohon Fadan nan ya fito da sandarsa, ya wuce kowa ya nufe shi ya miƙa masa hannu ya ce Alhaji sannu da hanya, lokacin sallah ya yi ai, ya sa wani yaro ya kawo ruwa a buta ya buɗe masa wani ɗaki kusa da ofis, har ya nuna masa gabas da sandar. Baffa ya daɗe yana ba da labarin nan a tashar Funtuwa.

Da za su tafi Baba ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama, muryarsa ta sarƙe a tsakiya bai ƙarasa ba. Baffa ya danƙa min sabuwar 'yar ɗari biyar mai hoton Azikiwe, a shekarar ta fito ban taɓa riƙe ta ba, ya ce kar ka ba mu kunya, kar kuma ka yarda wani ya sa ka ji kunyar gidanku. Na tsaya jikin waya har ƙurar motar ta kwanta.

Makonnin farko gaskiya na sha wuya. Jos ta haura mita 1,200 a sama, sanyinta ba irin namu ba ne, ƙararrawa ƙarfe biyar na asuba, wanka da ruwan da ke yanka fata, ibadar Mas kullum kafin karin kumallo, aji, addu'ar Anjelus ƙarfe 12 duk inda kake ka tsaya cak, leba da lauje da yamma, firef da daddare, ga gwate da acca da ban saba ci ba. Dokar makaranta ba a yin yare sai Turanci, ni kuwa Turancin bai zauna ba, sai na zama kamar kurma. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan ɗayan. Yaran da ke wurin Birom ne da Angas da Tarok da Magabul da Tibi da Ibo, kusan dukansu suna jin Hausa, amma da na buɗe baki suka gane tawa ta gado ce, nan take aka sa min malo, sunan raini da ake kiran Bahaushe da shi. Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuwa ba wasa, don akwai waɗanda aka ƙone musu gida sati uku da suka wuce, akwai wani sinya a ɗakinmu da aka kashe yayansa. Wani dare ya tashe ni ya haska min tocila a ido ya ce in faɗi gaskiya wa ya turo ni, ya ce in yi alamar gicciye, na yi, ya ce in karanta addu'ar Na ba da gaskiya, na fara da Hausa don da ita na iya, sai ya kwaɗa min mari ya ce kar ya ƙara jin harshen nan a bakina. Ban kai ƙara ba. Ban riƙe shi ba kuma, ko a lokacin na san ba ni yake mari ba, amma na kwana ina kuka cikin bargon Inna, na yanke shawara zan daina Hausa kwata-kwata, in aka tambaye ni ma in ce ni ɗan wata ƙabila ce daga kudancin Kaduna. Na yi kusan sati biyu a haka, kuma abin da ya fi ci min rai a rayuwata ke nan, na yi musun gidanmu sau biyu da bakina.

Oktoba watan Rosari ne, wato addu'ar carbi da ake ja goma-goma, kowace yamma makaranta gaba ɗaya a taru gaban kogon Maryamu. Ban san ko wani ne ya kai wa tsohon Fada labari ko shi ya lura ba, wata yamma ya ce yau kowane goma da harshe ɗaya za a yi, na farko Birom, na biyu Angas, haka haka, da aka zo na ƙarshe ya ce Hausa, ya kira lambata ya ce in fito gaba. Ƙafata kamar ba tawa ba. Kafin in fara ya ce bari ya gaya musu wani abu, ya ce 'yan'uwansa fadocin ƙungiyar mishan ta Afirka, SMA, da suka sauka Shendam a 1907 da waɗanda suka biyo bayansu sun sha wahalar koyon harshen nan, da shi aka koya wa kakanninku da yawa katekizim, da shi ake waƙa a cocin ƙauyukanku har gobe, ni shekara da shekaru ina koyo ban kai yaron nan ba, shi a nono ya sha, kuma mutanensu sun riƙe bangaskiya a inda riƙe ta ke da tsada, to ku saurara ku ji yadda ake faɗa. Na rufe ido na ce A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, muryata na rawa, sai na ji ɗaruruwan yara sun amsa da Hausa gaba ɗaya kamar a cocinmu na ƙauye, ashe duk sun iya. Sau goma na ja sau goma suka amsa, kafin na biyar rawar muryar ta tafi.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba, sunan malo ya bi ni har na gama a 2007, sai dai ya tashi daga zagi ya koma suna. An sa ni cikin masu karatu a Mas ɗin Hausa da ake yi wa ma'aikata da mutanen ƙauyen kusa, wani malamin Turanci ya riƙa zaunar da ni bayan firef rabin awa ba ko sisi. Sinyan nan bai taɓa ce min yi haƙuri ba, amma da hunturu ya shigo ya ga leɓena ya tsage ƙafata ta yi faso, ya jefo min kwalbar man shafawarsa a kan gado ya wuce, daga baya har sunan yayansa ya ba ni ya ce in riƙa sa shi a addu'a. Ina sa shi har yanzu.

Ran 12 ga Disamba 2023 ina cikin taron da aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasarmu ta Malumfashi, Bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina, da na ji ana waƙa da Hausa ga bishop-bishop daga ko'ina a ƙasar nan zaune, ba abin da ya faɗo min sai yaron nan da ya ce shi ba Bahaushe ba ne don tsoro, na yi hawaye ban ɓoye ba. Baba da Baffa duk ba su ga ranar ba.

Hutun farko Baffa ne ya zo ɗaukata shi kaɗai, tsakiyar Disamba ana ƙarshen azumi, Sallah saura kwana kaɗan Kirsimeti na biye. Da azumi a bakinsa ya yi tuƙin nan tun daga Funtuwa, ya shiga ya gaida Fada da ledar dabino da ya sayo masa, ya karɓi rifot kad ɗina ya juya shi ya miƙo min ya ce karanta min, na ce na 19 cikin 42, lissafi na ɗaya, Turanci an ce in ƙara ƙoƙari. Ya ce to madalla. Magariba ta riske mu a Pambeguwa, ya faka gefen masu ƙosai ya sha ruwa ya yi sallah ina gadin mota, ya dawo da ƙosai da kunu a leda biyu ya ba ni ɗaya, muna ci ya ce ɗana, ba wanda ya taɓa ka dai ko? Na yi shiru kaɗan, sannan na ba shi labarin duka, har da marin, har da abin da na ce game da gidanmu. Ya daɗe bai yi magana ba, ya ce marin kar ka gaya wa Innarka, ɗayan kuma ka gaya wa Babanka da bakinka. Ya tada mota muka kama hanyar Zariya.